Kurakuran masu rubuta jagorar manhaja da yadda sanin kod ke gyara su

Matashin da ya gama karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko a kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ya kuma samu aikin rubuta wa kamfani jagorar amfani da manhaja, yakan ɗauka cewa iya tsara magana kaɗai ya wadatar. Yawancin kurakuran da ake gani a irin wannan aiki daga nan suke tasowa.

Ɗaya daga cikin manyansu shi ne marubuci ya karɓi misalin kod, wato rubutattun umarnin da kwamfuta ke bi, daga hannun injiniya, ko ya kwafo shi daga intanet, ya liƙa a jagora ba tare da ya gwada ba. An daina kula da Python 2, tsohuwar sigar yaren rubuta kod na Python, tun ranar 1 ga Janairun 2020, amma tsofaffin misalansa na nan birjik, kuma umarnin print da aka rubuta a tsohon salo, babu baka biyu, ba ya aiki a Python 3. Mai karatu zai bi jagorar sau da ƙafa, kwamfuta ta ƙi, ya zargi kansa alhali laifin na marubuci ne. Gyaran shi ne marubuci ya girka manhajar a tasa kwamfutar, ya gwada kowane misali da hannunsa, sannan ya faɗi sigar da ya yi amfani da ita.

Akwai kuma ɓarnar da Word ke yi a ɓoye: yana mayar da miƙaƙƙun alamomin zance su zama lanƙwasassu, waɗanda Python ba ya karɓa a madadinsu, kuma wajen kwafe-kwafe tazarar farkon layi takan ɓace, alhali Python da ita yake gane inda rukunin umarni ya fara da inda ya ƙare. Wanda bai taɓa rubuta kod ba zai ga shafin tsaf, shi ya sa ya fi kyau a koyi Markdown, wata hanyar tsara rubutu da alamomi masu sauƙi, a riƙa keɓe kod a gurbinsa.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin nauyi, domin haruffan ƙ, ɗ da ɓ sukan rikiɗe su zama tarkace idan ba a adana fayil da tsarin adana haruffa na UTF-8 ba.

Barin mabuɗin sirri na gaske, wato lambar da ke ba da izinin shiga manhaja, a cikin misali kuwa ganganci ne, a ganina ma ya fi sauran haɗari. Idan ya shiga Git, manhajar da ke adana kod da duk canjin da aka yi masa, goge shi daga shafi bai isa ba, domin yana nan a tarihin canje-canje, sai an sanar da injiniyoyi sun soke shi sun fitar da sabo.