Yadda jami'a za ta samar da wuta da zafi a tasha ɗaya don rage hayaƙi

A tashar lantarki irin wadda aka saba, kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da aka ƙona zafi ne da ke tafiya a banza. Idan jami'a ta girka injinta a harabarta ta kama wannan zafin, takan ci moriyar kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na man.

Matakin farko, wanda ya fi kowane cin lokaci, shi ne aune. A bi ɗakunan kwanan ɗalibai, ɗakunan gwaje-gwaje, ɗakin girki da asibitin makaranta, a rubuta yawan tururi da ruwan zafin da suke sha sa'a bayan sa'a, har shekara ta zagayo. Da wannan lissafin ake zaɓar girman inji, ba da buƙatar wuta ba. A nan ake yawan tafka kuskure: a sayo ƙaton inji, ɗalibai su tafi hutu, zafin ya rasa mai amfani da shi, a koma gidan jiya.

Sai zaɓen inji. Ƙaramar makaranta, injin gas mai fistin ya ishe ta. Babba kuwa mai son tururi da yawa, injin tabain, wanda iskar gas mai zafi ke juya fikafikansa, ya fi dacewa. Jami'ar Princeton a Amurka ta girka na megawat 15 a 1996. Ana bi da hayaƙin injin ta tukunyar da ke mayar da ruwa tururi, bututu su kai shi gine-gine.

Lokacin zafi fa? Akwai na'urar sanyaya ruwa da tururi ke tafiyar da ita, sai a haɗa ta, a ƙara da tankin ajiyar ruwan sanyi da ake cikawa da dare.

Kada a manta da makunnin da zai raba harabar da babban layin wuta. Shi ya bar Princeton da haske lokacin guguwar Sandy a 2012.

Daga ƙarshe, a riƙa kwatanta hayaƙin tashar da na wutar da ake saye daga waje duk shekara. Gas dai gas ne, yana fitar da hayaƙi. Inda babban layi ya koma kan rana da iska, ribar tana raguwa, shi ya sa ita kanta Princeton ta fara barin tururi tana komawa ga ruwan zafi da rijiyoyin ajiyar zafi a ƙarƙashin ƙasa, da burin kawar da hayaƙinta nan da 2046.