Darasi na 14: Rahoton Dabba na Ƙarshen Shekara

Wannan darasi na iyaye ne masu koyar da 'ya'yansu a gida. Idan shekara ta zo ƙarshe, yaro zai zaɓi dabba ɗaya, ya sa mata ido na mako huɗu, sannan ya rubuta abin da ya gano. Wannan rubutun shi ake kira rahoto. Ko bara kuka fara karatu, za ku iya jagorantar aikin, kada ku ji tsoro.

Ku tanadi littafin rubutu mai shafi 40, da fensir biyu, da rula. Fensir ya fi biro, domin yaro zai yi kuskure, ya goge, ya gyara.

Yara sukan ce zaki ko giwa suke so. Ku lallashe su su zaɓi dabbar da za su gani kullum, kamar akuya, ko kaza, ko jaki. Mai son giwa sai an kai shi Yankari a jihar Bauchi, kuma kallon yini ɗaya ba ya cika littafi. Za mu yi misali da akuya.

Aiki na farko: raba shafi

A nan aka fi tuntuɓe, don haka ku bi a hankali. Ku buɗe shafi. A can sama, yaro ya rubuta kwanan wata. Sannan ya ɗora rula a tsakiyar shafin, ya ja layi daga sama har ƙasa. Yanzu shafi ya zama gida biyu. A kan gidan hagu ya rubuta NA GANI. A kan gidan dama ya rubuta AN FAƊA MINI.

Abin da idonsa ya gani, hagu. Abin da ya ji daga bakin wani, ko ya karanta, dama.

Ga misali. Babba ya riƙe akuya, ya ɗaga leɓenta. Yaro ya ƙirga haƙoran gaba na ƙasa, zai samu 8. Ya duba sama, ba haƙori ko ɗaya a gaba, sai dasashi mai tauri. Wannan ya gani, ya tafi hagu. Kada ya tura yatsa can ciki, haƙoran tauna suna da kaifi.

Kakarsa kuwa ta ce akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, wato kamar kwana 150. Gaskiya ne, amma yaro bai zauna ya ƙirga ba. Ina za shi? Dama. Ya kuma rubuta wanda ya faɗa masa.

A sake gwadawa. Akuya ta kwanta a inuwa tana tuƙa. Yaro ya kalli wuyanta, zai ga dunƙulen abinci ya hau, ta tauna, ta haɗiye, wani ya sake hawa. Ya ƙirga sau nawa ta tauna kafin ta haɗiye, ya rubuta lambar. Hagu ke nan. Mahauci ya gaya masa cewa cikinta gida huɗu ne, shi ya sa take dawo da abinci baki. Dama ke nan. In kuma ya je mahauta aka nuna masa da idonsa, maganar ta koma hagu.

Idan yaro ya rikice, ku tambaye shi abu ɗaya: "Da idonka ka gani?" In ya ce e, hagu. In ya ce a'a, dama. Ya ɓata sau goma ma ba laifi, a goge a sake.

Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne uwa ko uba su karɓe fensir. Wasu iyaye haƙurinsu gajere ne, suna ganin yaro yana jan jiki sai su cika shafin da kansu, ko su ba shi waya ya kwafo daga intanet. Ku daina! Yaron da aka rubuta wa bai koyi kome ba, kuma da an tambaye shi zai yi tsuru-tsuru. Haka nan barin rubutu sai dare ko gobe. Kafin gobe ya manta lambar da ya ƙirga, sai ya ƙirƙiro wata. Littafi yana hannunsa a gaban akuya, a nan take zai rubuta, da kwanan wata a sama. Minti goma da safe, minti goma da yamma, ya isa.

Aiki na biyu: tambaya

A mako na uku yaro ya shirya tambaya biyar, ya kai wa makiyayi ko mai sayar da dabbobi. In jar akuya ce irin ta Sakkwato da Maraɗi, ya tambayi baduku abin da ya sa ake son fatarta. Duk amsa, dama.

Aiki na uku: zane

Ya zana dabbar a shafi guda, ya sa sunan kowace gaɓa. Ya lura da baƙin idon akuya, a kwance yake.

Aiki na huɗu: rubuta rahoto

Shafi biyu sun isa. Sunan dabba, kamanninta, abincinta, haihuwarta, amfaninta. Abin da ya fito daga hagu ya ce "na ga", na dama ya ce "an faɗa mini". Ya sa sunansa a ƙasa, ya karanta wa mutanen gida bayan sallar isha'i.