Darasi na 7: Tsakanin Bayan Mota da Bango

Ba sai mota tana gudu take kashe mutum ba. A wuraren lodi da sauke kaya na Jidda da Makka, tirela mai ja da baya sannu a hankali tana iya matse ɗan dako da bango, direba bai ma sani ba, domin madubinsa ba ya nuna masa abin da ke bayan motar daidai. Idan ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba.

Mutum ɗaya tak zai riƙa yi wa direba jagora. Ya tsaya gefe, ta ɓangaren direba, sanye da riga mai ƙyalli, ya yi ishara da hannu, don ƙarar inji tana danne murya. Da zarar direba ya daina ganinsa, ya taka birki.

Kafin kowa ya shiga bayan mota, a ja birkin hannu, a kashe inji, a zare makulli, a sa weji gaba da bayan taya. Ɓallin bulo ba weji ba ne, farfashewa yake yi.

Motar ɗaga kaya ta sito ta fi yaudarar mutane. Ga ta ƙarama, amma wadda ke ɗaga tan biyu da rabi nauyinta ya kusa tan 4. Da tayoyin baya take juyawa, shi ya sa gindinta ke wurgawa waje idan ta sha kwana, ya daki wanda ya raɓe a gefe. Ku ba ta tazarar mita 3, kuma kada ku bi ta ƙarƙashin kayan da ta ɗaga, ko da kuna sauri.

Idan tsautsayi ya faru, a kira motar asibiti a 997. Kada direba ya motsa motar cikin ruɗewa sai an nuna masa inda zai nufa. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, kada a ba wanda ya ji raunin ruwa ko abinci, kada a ɗaga shi zaune. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, saboda jini yana iya zuba ta ciki, kuma naman da ya murƙushe yana lalata ƙoda. Fitsari mai launin baƙin shayi alamar hakan ce.

Ma'aikaci mai rajista da GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, idan ya ji rauni ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 7, shi kuma mai aikin ya sanar da hukumar cikin kwana 3.