In ka sauka Kanada, koyi musun hoki kafin sanyi ya shigo

Wani yaro ɗan unguwarmu da ya sauka Edmonton kwanan nan ya kira ni yana ƙorafi, wai yaya mutanen nan ba su da hira sam, in an fita hutun cin abinci a wurin aiki kowa sai McDavid McDavid, shi kuma ya zauna da kular shinkafarsa kamar an kai kurma gidan waƙa. Na yi dariya don ni ma haka na yi kusan shekara biyu. Kowa zai gaya maka ka buɗe asusun banki, ka nemi katin asibiti, ka sayi rigar sanyi ta gaske ba irin ta gayu ba, amma ba mai gaya maka cewa a ƙasar nan hokin ƙanƙara shi ne teburin mai shayi. Yadda ake kwana ana musun Messi da Ronaldo a gidan kallon ƙwallo a gida, haka suke yi a nan kan nasu gwanayen, kuma daga wannan musun ne ogan da bai taɓa kallonka ba zai riƙe sunanka.

Abin da za ka fara sani kaɗan ne. Mutum biyar biyar da gola, zango uku na minti 20, abin da suke bi da sanda kuma wani ɗan baƙin faifai ne na roba mai tauri da ake ce wa fak. Ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya a kan ƙanƙara sai ya fita wani ya shigo, wasa na tafiya ba a tsaya ba, don gudun yana cin numfashi. Sai lissafin maki, kuma a nan ne mu 'yan ƙwallon ƙafa muke yin kuskure. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, wanda ya ba shi ma yana da maki ɗaya, har mutum biyu ana iya rubuta wa taimako a ci guda. To in ka ji ana cewa wane ya yi maki 100 a kaka ba wai ya ci sau 100 ba ne.

Yanzu Gretzky. Wayne Gretzky mai lamba 99, lambar da babu wanda zai sake sawa a duk gasar NHL, babbar gasar hoki ta kulob-kulob ɗin Kanada da Amurka. Ya ci 894, ya taimaka an ci 1,963, jimilla 2,857. Ka sake duba lambar tsakiyar nan, domin ko da a ce bai taɓa jefa fak a raga ba a rayuwarsa, taimakon nan kaɗai ya fi jimillar makin kowa, wanda ke biye da shi Jaromir Jagr 1,921 gare shi. Kuma mutumin ba ƙato ba ne, ba shi ne ya fi kowa gudu ba, siriri ne kamar almajirin da bai ƙoshi ba, abin nasa a ka yake. Yakan je ya laɓe a bayan ragar abokan hamayya, wurin da har ake kira ofishinsa, gola ba ya ganinsa sai ya waiwaya, in ya waiwaya kuma an riga an miƙa wa wani a gabansa. Ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau huɗu da Edmonton tsakanin 1984 da 1988, sannan a watan Agustan 1988 aka sayar da shi ga Los Angeles, kuma wallahi akwai dattawa a garin nan da har yau in an taɓo maganar sai fuskarsu ta canza. Akwai mutum-mutuminsa a bakin filin wasa, akwai titi da sunansa.

Masu son rage masa daraja, galibi samari, za su ce ai zamaninsa gololi a tsaye suke tsaron raga da ƙananan kaya, ci yana da arha. Akwai gaskiya a ciki, salon durƙusawa a rufe ƙasan raga daga baya ya yaɗu, gola Patrick Roy na cikin waɗanda suka yaɗa shi. Amma amsar da nake bayarwa ita ce, ai sauran 'yan zamaninsa ma gololin nan ɗaya suka fuskanta, me ya hana su yin maki 215 a kaka ɗaya kamar yadda ya yi a 1985-86? Mutum ɗaya ne ya matso kusa, Mario Lemieux, wanda ciwon baya da ciwon daji suka cinye masa shekaru, a 1993 ma ya gama jinya ya dawo ya zama na ɗaya a maki a kakar. In ka ji wani yana cewa da Lemieux ya samu lafiya da labari ya canza, kar ka yi masa gardama, wannan ya san wasan.

Alexander Ovechkin ɗan Rasha na Washington shi ya karya tarihin cin nan na 894 a ranar 6 ga Afrilu 2025. Shi nasa salon daban, ƙarfi ne da duka, yana da wurinsa a gefen hagu inda yake tsayawa, kowa ya san can zai tsaya, kowa ya san me zai yi, shekara ashirin an kasa hana shi. In kana son Ronaldo za ka so shi.

Amma musun da za ka fi ji yau shi ne na Connor McDavid da Sidney Crosby, kuma a nan ne ni nake raba baiwa da gwaninta. McDavid kyaftin ɗin Edmonton, lamba 97, ko ba ka san komai a wasan ba za ka gane shi, don in ya ɗauko fak daga baya sai ka ga 'yan bayan ɗaya ɓangaren suna ja da baya kamar an saki sa a kasuwa. Masu gudu suna da yawa, abin mamakin nasa shi ne hannunsa da idonsa suna aiki daidai da gudun ƙafarsa, yana tsakiyar wannan tsere yana juya fak yana kallon inda zai miƙa. A kakar 2022-23 ya yi maki 153, a zamanin da gololi suka zama kamar katanga. Wannan baiwa ce, ba a koya wa mutum ita. Gorin da ake masa shi ne rashin kofi. A 2024 kulob ɗin Florida ya ci Edmonton wasa uku a jere a zagayen ƙarshe na kofin Stanley, suka farke uku, garin nan ya haukace har mu da ba a haife mu a nan ba mun sa riga, sai aka je wasa na bakwai aka ci su 2 da 1. An ba shi kyautar gwarzon wasannin neman kofin gaba ɗaya duk da an ci su. A 2025 kuma Florida ta sake yi musu. Dan Allah in kana Edmonton kar ka yi wasa da wannan maganar da safe.

Crosby kuwa, lamba 87 na Pittsburgh, sai ka daɗe kana kallo kafin ka ga abin da ake yabo. Ba ya burge sabon ɗan kallo. Aikinsa a lungu yake, jikin katangar fili inda ake turereniya, ya sa ƙugu ya kare fak mutum biyu sun kasa ƙwacewa, ya buga da bayan sanda kamar da gabanta, in an rasa fak kuma ya koma tsaro. An san shi da cewa in ya ga inda yake da rauni sai ya je ya yi ta maimaitawa har ya gyara. Kofi uku gare shi, 2009 da 2016 da 2017, ga cin da ya ci wa Kanada a ragar Amurka a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na Olamfik na 2010 a Vancouver, wanda duk ɗan Kanada zai gaya maka inda yake zaune a ranar. Ni dai ra'ayina, in wasa ɗaya zan biya kuɗi in kalla to McDavid, in kuma yaro zan ce ya kwaikwayi wani to Crosby, don abin da McDavid ke yi ko ka kwaikwaya ba za ka iya ba.

Ga kuma abin da za ka jefa a hira su kalle ka da kyau. Wanda ya miƙa wa Crosby fak ɗin nan na 2010 shi ne Jarome Iginla, haifaffen Edmonton, mahaifinsa ɗan Najeriya ne Bayarabe. Ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary, ya ci 625, kuma yana cikin zauren gwarazan hoki. Ranar da na fara faɗin wannan a wurin aiki wani dattijo da ke tuƙa motar ɗaga kaya ya ajiye kofinsa ya matso kusa da ni, daga ranar ya fara rage mini hanya. Sai Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanan, da ya ci kofin Stanley da Colorado a 2022 ya ɗauke shi ya kai masallacin garinsu London ta jihar Ontario.

Ka kuma san garin da kake kafin ka buɗe baki. Kulob bakwai ne na Kanada cikin 32. Edmonton da Calgary ba sa ga maciji, ni da bakina na taɓa yabon rigar Calgary don ja ce tana da kyau, sati guda ana tsokanata. A Toronto gwaninsu Auston Matthews ne, Ba'amurke, ya ci 69 a kakar 2023-24, amma rabonsu da kofi tun 1967 kuma duk sauran ƙasar da wannan suke musu dariya, kai ma an yarda ka yi in ba a Toronto kake ba. Montreal na da kofi 24, su ne suka kawo shi Kanada a 1993, daga nan har 2025 kulob ɗin Amurka ke ta ɗauka.

Tikitin shiga fili yana da tsada, kar ka taɓa kuɗin haya don shi. Daren Asabar ana nuna wasa a talabijin, ka zauna ka kalla, kuma ka daina neman fak da ido don ba za ka gan shi ba da farko, ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi daga shigarsa har fitarsa, ka ga me yake yi in fak ba ya hannunsa. In an yi dambe a tsakiyar wasa kar ka firgita, minti biyar ake ba kowa ya je ya zauna. Sannan in hunturu ya kama, unguwanni da yawa suna da filin ƙanƙara a waje, ka ari takalmin ka gwada ko sau ɗaya. Ni ranar da na gwada ban yi taku uku ba na zauna daɓas, wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba ta zagaye ni sau biyu tana tambaya ko in kira babanta ya ɗaga ni, na ce kira shi.