Kurakuran da Sababbin 'Yan Wasa Suka Fi Yi a Wasannin Ban Tsoro Masu Labarin Ƙungiyoyin Asiri

Duk wanda ya fara buga Silent Hill ko Outlast 2 ya ajiye a tsakiya, idan aka tambaye shi dalili, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce bai gane inda labarin ya dosa ba, ko ya ce wasan ya cika wuya. Na gaji da jin waɗannan amsoshi, domin galibi mutum ne ya shigo da ɗabi'ar wasannin harbe-harbe cikin wasan da aka gina a kan karatu da saurare da haƙuri. Zan taɓa wasu sirrikan labari a ƙasa, don haka wanda ba ya son a ɓata masa ya san da wannan.

Babban kuskure shi ne bin hanyar da ta fito fili da gudu, ana tsallake takardu da ɗakunan gefe. A irin waɗannan wasanni ba a karanta wa mutum labari a baki; ana warwatsa shi ne a wasiƙu, a rubutun bango, a kayan da aka yar a ƙasa. Silent Hill na farko, wanda kamfanin Konami ya fitar a 1999, shi ne ya koya mini wannan da tsada. A asibitin Alchemilla, cikin ofishin darakta, akwai wani jan ruwa da ya zube daga fasasshiyar kwalba. Wasan ba ya tilasta maka ɗibarsa. Sai ka ɗauko robar ruwa daga kicin ka dawo ka ɗiba da kanka, kuma amfaninsa ba ya bayyana sai can gaba, a kan lilon dawakai na wurin shaƙatawa, lokacin da 'yar sanda Cybil ta juyo maka da bindiga saboda abin da ya shiga jikinta. Mai ruwan yana cetonta, marar shi kuwa dole ya kashe ta. Haka kuma likita Kaufmann: idan ba ka ratse zuwa mashayar Annie ka bi sawunsa har masaukin baƙi ba, ka rufe wa kanka ƙofar kyakkyawan ƙarshe. Ni na wuce duka biyun, kuma da yake a gurbi ɗaya nake adana wasan ina taka sabo a kan tsoho, ban sami inda zan koma ba sai farko.

Tun daga nan dokata ita ce ba na barin yanki sai na taɓa kowace ƙofa. Silent Hill ma yana taimakawa, domin Harry, jarumin wasan, yana sa jan alama a taswira kan duk ƙofar da ya gwada, wadda ba ta da alama kuwa ba ka je ba ke nan. Ina kuma adanawa a gurabe daban-daban, ba na goge wanda na yi kafin shiga sabon yanki. Ga mai bugawa a inda ake yawan ɗauke wuta, wannan ba ya ma buƙatar dogon bayani.

A Outlast 2, na kamfanin Red Barrels na Kanada, wanda ya fito a 2017, hasarar mai gudu ta fi haka muni. Blake Langermann mai ɗaukar hoto yana neman matarsa Lynn a wani ƙauye mai suna Temple Gate a jihar Arizona, inda Sullivan Knoth yake mulkin mabiyansa da littafin da ya rubuta da kansa. Wani farin haske yana walƙawa lokaci-lokaci, mutane suna ƙara haukacewa. Wanda bai tsaya ya karanta ba zai gama wasan yana zaton aljanu ne, alhali akwai takarda a yankin tafki da ke danganta wannan hasken da kamfanin Murkoff na Outlast na farko da hasumiyar da ke watsa sigina. Takarda guda ce, amma ita take sauya fassarar duk abin da ka gani. Sannan faifan da Blake yake ɗauka, idan ka sake kunna su za ka ji yana magana a kansu, kuma daga maganar za ka gane yadda hankalinsa yake gushewa. Mutane da yawa ba su taɓa buɗe su ba, amma su ne kan gaba wajen cewa labarin ba shi da kan gado. A Faith: The Unholy Trinity kuwa, yawancin takardun ba sa ma fitowa sai jarumin wasan, fada John Ward, ya ɗaga gicciye a kan abubuwan da aljanu suka shafa, don haka wanda ya ajiye gicciyen don korar dodo kawai ya bar rabin labarin a daji.

Kuskure na biyu da ke tayar mini da hankali shi ne almubazzaranci da haske. Kana shiga duhu ka kunna hasken kyamara, ka bar shi kunne har a wurin da wata yake haskawa, sannan ka iso gonar masara da mataccen batir ka zo kana kuka da wasan. Kai ka jawo wa kanka. A Outlast 2 hasken ganin duhu da makirfo duka batir suke sha, kuma ba ka da makami ko na sisin kwabo. Abin da nake yi shi ne in kunna, in haddace inda ƙofa da ganga suke, in kashe, in tafi da abin da na haddace. Makirfo kuma ina kunna shi ne kawai kafin in fito daga maɓoya, don in ji ta wane ɓangare sawu yake. Idan ka ji muryar Marta mai diga, wadda take farautarka, tana addu'o'inta, ba lokacin leƙe ba ne. Nemi hanyar da aka buɗe maka ka bi, domin tsayawa a ɓoye ba ya korarta. A Amnesia: The Dark Descent na 2010 lissafin ya ɗan bambanta, domin zama a duhu da kallon dodo suna taɓa hankalin Daniel, jarumin wasan, amma man fitila da ƙyastu ƙidayayyu ne, saboda haka kyandir ɗaya a tsakiyar ɗakin da za ka yi ta dawowa ya fi biyar a layin da za ka bi sau ɗaya. A Silent Hill, kashe tocila ka wuce ya fi ɓarnar harsashi a kan kowane abin da ya motsa a titi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ƙure hasken allo, domin ka kashe abin da ka biya kuɗi don shi. Sa iyafis, tunda ƙarar rediyon Harry ita ce take gaya maka dodo ya matso kafin ka gan shi. Kada ka fara da matakin Insane, wato mafi wuya, a Outlast 2, inda mutuwa ɗaya take mayar da kai farko. An ƙara mataki mai sauƙi na masu son labari a 2018, kuma babu abin kunya a zaɓarsa. A Silent Hill 3 wuyar faɗa daban take da wuyar kacici-kacici, kuma wanda ya zaɓi mafi wuya zai tarar tun a shagon littattafai ana neman ya san wasannin Shakespeare. Kallon wasan gaba ɗaya a YouTube kafin bugawa kuwa, ban san me ya rage maka ka saya ba.

Akwai kuma masu ɗaukar abin da suka gani a matsayin koyarwar Kiristanci ta gaskiya, har su kafa hujja da shi a muhawara. Littafin Knoth ƙirƙira ce ta marubutan wasan, kuma sun bayyana cewa sun tsinci tunanin ne daga abin da ya faru a Jonestown ta ƙasar Guyana a 1978, inda mabiyan Jim Jones fiye da 900 suka mutu. Faith kuma ya ɗauko yanayinsa daga fargabar bautar shaiɗan da ta mamaye Amurka a shekarun 1980. Duk da haka hotunan suna da nauyi: akwai gicciye mutane, yankan jarirai da cin zarafin yara, har hukumar tace wasanni ta Ostireliya ta fara ƙin ba Outlast 2 izini a 2017 kafin ta sake shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama. Wanda zuciyarsa ko aƙidarsa ba za ta ɗauki wannan ba, ya karanta bayanin da ke jikin wasan kafin ya biya kuɗi, wanda kuma zai buga kada ya kunna shi a falo ƙannensa suna zaune a bayansa.