Farfela, aksul da agzilari: kurakuran da aka fi yi wurin ɗaure tsohuwar jif a gida

Kwance ƙasan mota ba ya ba kowa wuya. Duk mai sifana da ƙarfin damtse zai iya sauke farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa aksul, da kayan aksul ɗin gaba kafin la'asar. Wurin ɗaurewa ne ake gane gwani. Yawancin jif ɗin da ke fitowa daga gyaran gida tana kuka ko karkarwa, sai ka ji ana zagin mai sayar da kayan gyara, alhali wani abu ne bai koma yadda aka same shi ba, ko kuma an ɗaure shi fiye da kima. Zan yi misali da Land Cruiser samfurin 80, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1990, domin har yau tana cin hanyoyin karkara. Maganar farfela da mai kuwa ta shafi Prado da Pajero da Patrol da sauran 'yan uwansu.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a gyara tsayuwar motar. Mutane na ɗora jif mai nauyin fiye da tan biyu a kan jak kaɗai, ko a kan bulon siminti, su shige ƙasa. Bulo ba ya gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda. A nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko gungumen katako mai kauri. Ga kuma wani tarko da ba a cika sani ba: a motar da ƙafafunta huɗu ke ja kodayaushe, da zarar ka cire farfela ɗaya, giyar da ka bari a ciki ko P ɗin otomatik ba za su ƙara riƙe motar ba. Ja birkin hannu, ka sa wa tayoyi waigi gaba da baya.

Alama kafin kwancewa

Rashin yin alama shi ne kuskuren da ya fi kowanne arha wurin gujewa, kuma shi aka fi yi. Farfela tana da kuros biyu, wato mahaɗin da ke ba ta damar juyawa a karkace, ɗaya a kowane kai. Kuros idan yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya. Yana ɗan sauri yana ɗan sassautawa sau biyu a kowane zagaye. Kuros na biyu ne ke soke wannan rawar, amma sai in yana zaune daidai inda kamfani ya ajiye shi. Idan ka zare farfelar gida biyu a wurin da take shiga da fita, ka mayar da ita ta goce da haƙori ɗaya ko biyu, motar za ta fara kaɗa kujera da madubi da zarar ta ɗauki gudu. Daga nan sai a yi ta kai taya wurin balansin, ana canza shokoba, ciwo na wani wuri.

Magani shi ne fenti ko ɗan ƙarfe mai tsini. Ja layi a kan sassan biyu kafin ka raba su, ka kuma ja wani a inda farfela ta haɗu da agzilari, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya, da inda ta haɗu da aksul. Idan aikin gama ya gama, an riga an raba babu alama, duba jikinta da kyau, wasu suna da kibiyoyi biyu da ya kamata su kalli juna. A mafi yawan farfelar baya kunnuwan kuros biyun suna zama a layi ɗaya. Sai dai kada ka mayar da wannan doka ga ta gaba, don akwai motocin da kamfani ya karkatar da ita da gangan. Littafin gyaran motarka shi ne alƙali.

Wurin sa giris ma ana wuce gona da iri. Kuros yana son a buga masa har sabon giris ya leƙo ta kofunansa huɗu. Wurin shiga da fita kuwa bugu kaɗan ya ishe shi. In ka cika shi maƙil, farfelar ba za ta iya tsukewa ba idan mota ta faɗa rami, sai ta riƙa dukan boris ɗin agzilari.

Maganar mai gajeriya ce. Fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa na ƙasa. Wanda ya tsiyaye mai sannan ya tarar notin sama ya cije, ya ajiye wa kansa motar da ba ta motsi. Tukunyar aksul, wato kumburin da haƙoran giya suke ciki, man giya mai kauri take sha, irin GL-5 mai lamba 80W-90, ba baƙin man inji ba, balle wanda aka riga aka yi amfani da shi. A zuba mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, har man ya kawo bakin ramin.

Gwiwar aksul ɗin gaba

A nan aikin yake, a nan kuma aka fi yin ɓarna. Samfurin 80 tana da aksul ɗin gaba ɗaya miƙaƙƙe, kowane ƙarshensa akwai wata ƙwallon ƙarfe, a cikinta kan shaf ɗin da ake kira Birfield yake juyawa. Tukunyar tsakiya mai ce a cikinta, gwiwar kuma giris. Abin da ya raba su ɗan oyil sil ne guda ɗaya, wato zoben roba mai tare mai, a cikin bututun aksul. In ya mutu, mai ya kwararo ya narkar da giris, ya koma kamar kunun kanwa, sai ka ga yana tsiyaya ta bayan taya, kuma mota ta fara ƙas-ƙas-ƙas idan an karya kwana.

Abin haushi shi ne mutum ya sayi sabon oyil sil, ya kashe shi da hannunsa tun kafin mota ta tashi. Wasu suna buga shi da guduma kai tsaye ya shiga a karkace. Wasu kuma suna sa shi daidai, amma wurin tura shaf sai su bar nauyinsa duka ya kwanta a kan leɓen robar, haƙoran shaf su yage ta. Shaf ɗin hagu dogo ne, na dama gajere, kuma dogon ne ya fi yin wannan aika-aika saboda nauyinsa. Shafa wa leɓen giris kaɗan, ka tallafi shaf ɗin da hannu biyu, ka riƙa juya shi a hankali har haƙoransa su sami gidansu a tukunya. Kan Birfield yana da gefe biyu da aka shafe; sai sun kalli sama da ƙasa yake shiga ko fita. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauko guduma. Idan motarka mai ABS ce, zare ɗan na'urar da ke gefen gwiwa tun farko, in ba haka ba shaf zai karya ta wurin fitowa.

Kafin ka zargi oyil sil ma, duba abin numfashin da ke saman aksul. Ƙaramin abu ne mai hula, ƙurar rani da laka ta damina suna toshe shi. In ya toshe, mai ya yi zafi, iska ba ta da hanyar fita, sai ta tura mai ta bakin oyil sil, ko da jiya aka sa shi. Wankewa da fetur da hurawa kawai yake buƙata, amma ba kasafai ake tunawa da shi ba.

Giris ɗin ma kala biyu ne. Cikin Birfield da gwiwa na son baƙin giris mai sinadarin moli, a cika gwiwar kamar kashi uku cikin huɗu. Boris ɗin taya kuwa nasa daban ne, mai jure zafin birki. Sai ka ga an ɗebo daga bokiti ɗaya an shafe ko'ina. Sannan akwai siraran faifan ƙarfe da ke ƙarƙashin murfin boris ɗin gwiwa. Su ne ke daidaita tsaurin gwiwar. Ɗaure na hagu da waya ka ajiye daban, na dama daban. In suka cakuɗe, ko dai sitiyari ya yi nauyi, ko kai ya riƙa rawa a kan gargada. Notuna huɗun da ke riƙe hannun sitiyari a ƙasan gwiwa kuwa, a ɗaure su da ma'auni, a sake duba su bayan 'yan kwanaki. Su ne ba a wasa da su ko kaɗan, domin in suka saki, taya ce ke barin mota.

Sai notin boris ɗin taya. Girmansa milimita 54, kuma saboda soket ɗin ba ya cikin akwatin kowa, al'ada ta zama a sa cizal da guduma. Duba notin kowace tsohuwar jif, za ka ga tabon sara a gefensa. Da cizal babu yadda za a san tsaurin da aka ba boris. Yadda ake yi shi ne a ɗaure notin farko da ƙarfi, a jujjuya hob ɗin, wato inda ake ɗaure taya, gaba da baya don boris ya zauna, a sassauta, sannan a sake ɗaurewa sama-sama. Daga nan a sa washa mai kunnuwa, a ɗaure noti na biyu, a lanƙwasa kunne ɗaya ciki ɗaya waje. Washar nan sabuwa ake sawa, tsohuwa kunnenta ya gaji. Boris da aka matse yana cin kansa cikin tafiya ɗaya mai nisa; wanda aka bari sako-sako kuma yana sa taya ta ci gefe, birki ya riƙa nutsewa. Kuɗin soket ɗin da sifana mai ma'auni bai kai kuɗin sandar da boris ke zama a kai ba idan ta ƙone.

Notin bakin tukunyar aksul, inda farfela ke ɗaurewa, shi ma yana yaudarar mutane. Mai na zuba a wurin, sai a kwance a canza oyil sil, a mayar da noti a sa bututu a kan sifana a hau da ƙafa. A bayan notin akwai wani ɗan zobe da aka yi shi don ya lotse daidai gwargwado sau ɗaya tak. In ka ƙara lotsa shi, boris ya matsu, bayan mako biyu aksul ya fara kuka kamar ana busa. Yi wa noti da sandarsa alama, ka ƙirga zagayen da ya yi wurin fitowa, ka mayar da shi daidai kan alamar ko ya ɗara ta da ɗan kaɗan. In har ka wuce, sassautawa ba ta gyara shi, sai sabon zobe.

Kayan Beljiyam

Tukunyar aksul ta hannu daga Ƙofar Ruwa ko Panteka tana iya fin sabuwa ta jabu inganci nesa ba kusa ba, ban da ja a kan wannan. Matsalar ita ce a saya don kawai notunanta sun hau. Dole lissafin haƙoran gaba da na baya su zama ɗaya. Samfurin 80 da yawa suna da babban faifai mai haƙora 41 da ƙarami mai 10, wato 4.10, wasu jif-jif ɗin Toyota kuma 4.30 ko 4.56 gare su. In aka haɗa gaba daban baya daban, ƙafafun suna jayayya da juna, agzilari ne ke biyan kuɗin. Tafi kasuwa da tsohuwar, ka zauna ka ƙirga haƙora da alli a gaban mai kaya. Ko ya ce, "Alhaji wallahi duk ɗaya ne," ka ce masa, "To, bari dai mu ƙirga." Haka taya: huɗun su zama lamba ɗaya, cinsu ya yi kusa da juna.

Akwai kuma shawarar da ake yawan bayarwa a bakin gareji, wai a cire farfelar gaba a ajiye don mota ta rage shan mai. A jif ɗin da sai an sa mata agzilari take ja da gaba, ba abin da hakan zai ƙara. A mai jan ƙafa huɗu kodayaushe kuwa, ƙarfin injin zai gudu ta bakin da ba komai. Ko dai motar ta ƙi tafiya sai an kulle giyar tsakiya da ke cikin agzilari, ko kuma na'urar mai ruwa-ruwa da ke cikin agzilarin wasu ta ɗauki duk nauyin har ta ƙone. In kuros ne ya mutu, kuros za a canza.

Bayan an gama ɗaurewa, kada a ɗauki hanyar Kano zuwa Maiduguri a ranar. Zagaya unguwa tukuna, ka karya kwana har ƙarshe hagu da dama kana saurare, ka sa agzilari a kan ƙasa mai yashi ka cire. Sannan ka yi kamar kilomita goma a kan kwalta ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka ɗora hannu a kan hob ɗin kowace taya da tukwanen aksul. Ɗumi ba laifi ba ne. Wanda ya fi ɗan uwansa zafi har hannu ba ya iya zama a kai, shi za a koma a kwance. Washegari ka shimfiɗa kwali a ƙasan motar ka ga ko wani abu ya ɗiga, ka sake bin notunan farfela da na taya da sifana.