A ja wa yara kunne kan ɗiban ruwa a kogi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Maiurno da kewaye. Don Allah mu kula da yaran da muke aika bakin Nilu.

Jarka mai lita 20, muddin tana nutse, da yatsa biyu ma sai ka riƙe ta, domin kogin na tallafe da ita daidai nauyin ruwan da ta ture. Tana fitowa kuwa, kilo 20 zai faɗo hannunka lokaci guda. Jiya na ga wani yaro ya sunkuya daga kwalekwale, yana fizgo ta ta rinjaye shi, gabana ya faɗi! Allah ya sa masunta na kusa.

A ja ta cikin ruwa har inda ƙafa ke taka ƙasa, a gyara tsayuwa, sannan a ɗaga da hannu biyu.